Yadda Ake Raba Gida da Takardun Sirri Ba Tare da Sun Faɗa Hannun Wani Ba

Wata rana na yaga takardar bayanin asusuna na banki gida takwas, na watsa a kwandon shara, na kakkaɓe hannu ina ganin an wuce wurin. Ban kai ga barin ɗakin ba sai 'yata, wadda lokacin ba ta fi shekara tara ba, ta tsince guntayen ta jera su a kan tebur. Kafin in gama amsa waya ta haɗa su tsaf, har tana karanto mini sunana da adireshina da lambar asusu, tana tambayata, "Baba, me ya sa ka ciri kuɗi sau uku a rana ɗaya?" Ita wasa take yi. Ni kuwa jikina ya yi sanyi, don abin da yarinya ta yi cikin minti biyar don nishaɗi, babban mutum mai mugun nufi zai yi shi cikin minti ɗaya.

Shara tana fita daga ƙofarka ta daina zama taka. Iska ta kwashe wani abu, dabba ta farka leda, mai tsintar bola ya juya ta, mai kwashewa ya zubar da rabi a hanya. A Amurka ma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1988 cewa 'yan sanda na iya bincika sharar da mutum ya fitar bakin titi ba tare da takardar izinin kotu ba, saboda wanda ya fitar da ita ya san kowa na iya taɓawa. Mai damfara kuma ba ya buƙatar komai ya zo masa a takarda ɗaya. Suna da adireshi daga ambulan, ranar haihuwa daga takardar asibiti, lambar asusu daga rasit, sa hannu daga tsohon fom. Da waɗannan zai kira ka da murya mai ladabi ya ce daga banki yake, ya faɗa maka abubuwan da kake zaton banki ne kaɗai ya sani, kai kuma ka saki jiki ka ba shi sauran.

Ga yadda ake aikin, daga farko har ƙarshe.

Da farko, tara komai wuri ɗaya

Kada ka fara lalata komai tukuna. Bi dirowa, ƙasan katifa, saman kabad, tsofaffin jakunkuna, aljihun riguna, akwatin gaban mota, da tsakanin shafukan littattafai. Jakar tafiya takan ɓoye takardun jirgi da na otel shekara da shekaru. Zuba su duka a kwali ɗaya, ka zaɓi ranar da kake da awa biyu ko uku babu mai damunka. In takardun sun yi shekaru suna taruwa, raba aikin kwana biyu: rana ɗaya ta tantancewa, rana ɗaya ta lalatawa. Mutumin da ya gaji da zaman duba takardu shi ne ke jefa takardar fili a wuta.

Tantancewa: nan ne ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa

A ganina wannan matakin ya fi duk sauran nauyi. Takardar da ka bari alhali ya kamata ka lalata, gobe ma rana ce. Wadda ka lalata alhali ya kamata ka ajiye, sai dai ka shiga zaryar ofisoshi, wani lokacin ma ba za a sake samun ta ba. Don haka ka yi tsibi uku, kuma duk takardar da ka yi shakka a kanta ta koma tsibin ajiya.

Tsibi na farko na abin da ba a taɓawa ne har abada: takardar haihuwa, ta aure, ta saki, ta mutuwa, takardun mallakar gida ko fili, shaidar kammala karatu, wasiyya, takardun fansho, hukuncin kotu, takardar ɗaukar aiki da ta barin aiki, katin rigakafi, da muhimman sakamakon asibiti kamar na tiyata ko na ciwon da ake fama da shi. Ka haɗa da takardar da ke nuna ka gama biyan wani bashi. Mutane da yawa suna yar da ita don murnar an rabu, sai bayan shekaru a zo a ce akwai saura, kuma babu abin nunawa. Tsohon fasfo ma kada ka yi gaggawar yanka shi. Yana iya ɗauke da bizar da ba ta ƙare ba, kuma akan nemi tarihin tafiye-tafiye idan za a ba da sabuwa. Wasu ƙasashen ma suna ɗaukar fasfo a matsayin kayan gwamnati, don haka hukumar da ta bayar ita ke soke shi.

Tsibi na biyu na masu wa'adi ne. Takardun haraji su ne kan gaba, kuma kowace ƙasa da dokarta. A Amurka hukumar haraji tana cewa a riƙe su shekara 3 a mafi yawan lokuta, wasu yanayin har 6 ko 7. A Birtaniya mai sana'ar kansa zai riƙe nasa aƙalla shekara 5 bayan wa'adin miƙa bayanan wannan shekarar. Duba abin da hukumar ƙasarka ta ce, in kuma kana son hanya mai sauƙi, shekara 7 ta rufe yawancin buƙatu. Rasit na kayan da ke da garanti yana nan har garantin ya ƙare. Takardar inshora tana nan har ta ƙare, kuma har a kammala duk wata neman diyya da ke kanta. Yarjejeniyar haya tana nan har ka bar gidan, an mayar maka da kuɗin ajiya, an rabu lafiya. Takardun mota suna nan muddin motar na hannunka, takardar cinikin sayar da ita kuma ka ci gaba da riƙewa bayan nan, don ranar da aka yi ɓarna da ita a zo neman mai ita na da. Takardun wuta da ruwa da na albashi, shekara ɗaya ta isa, sai dai in akwai taƙaddama ko kana buƙatarsu don haraji. Ka rubuta shekarar lalatawa a bayan kowace ambulan da ka zuba su, don baɗi kada ka sake zaman karanta su ɗaya bayan ɗaya.

Tsibi na uku shi ne na lalatawa. Kafin ka kai ga wannan, ka tuna cewa ba duk takardar da ke gidan ce taka ba. Ta matarka ko ta mijinki, ta ɗan da ya girma, ta ɗan uwan da ya ba ka ajiya, sai an tambayi mai ita.

Wace takarda ce ta sirri?

Ba kowace takarda ke buƙatar wahala ba. Jarida, takardar talla marar suna, littafin bayanin amfani da firji, waɗannan su tafi shara ko wurin sake sarrafawa kai tsaye. Abin da ake nema shi ne duk takardar da ta haɗa sunanka da wani abu: adireshi, lambar waya, ranar haihuwa, lambar katin shaida, lambar asusu, sa hannu, hoto, bayanin lafiya, ko sunan makarantar 'ya'yanka.

Manyan kowa ya san su. Ƙananan ne ke kuɓucewa. Fotokofin katin shaida ko na fasfo da ka yi guda biyar aka karɓi biyu, ina sauran ukun? Waɗannan sun fi bayanin banki haɗari, don da su ake buɗe abu da sunan mutum. Akwai fom ɗin da ka cike ka yi kuskure ka karɓi sabo. Akwai takardar neman aiki mai ɗauke da tarihinka kaf, har da lambobin waɗanda suka tsaya maka. Akwai ragowar littafin cek na asusun da ka rufe, da hotunan fasfo da suka yi saura, da takardar da ke manne a jikin kwalin da aka aiko maka da kaya, da lakabin kwalbar magani mai sunanka da sunan maganin. Takardar shiga jirgi ma haka: zanen layukan nan da na'ura ke karantawa yana ɗauke da sunanka da lambar rajistar tafiyarka, kuma da waɗannan biyun ana iya buɗe bayanan tafiyar a shafin kamfanonin jirgi da dama. Sai littafin da ka rubuta kalmomin sirri na waya da imel "don kada a manta".

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: in ka rubuta lamba da biro a kan littafi ka yage shafin, shafin da ke ƙasa ya ɗauki sawun rubutun. Goga fensir a kai a hankali za ka gani. Yage shafi biyu ko uku na ƙasa ka haɗa da su.

Ɗauki hoton abin da kake jin za ka nema

In akwai takardar da ba dole ne a riƙe ta ba amma zuciyarka ba ta kwanta ba, ɗauke ta a hoto ko ka yi mata sikanin kafin ka lalata. Sai dai ka sani ka mayar da sirrin daga kwali zuwa waya ne kawai. Ajiye shi inda ke da kalmar sirri, kada ka bar shi cikin tarin hotunan da yara ke shiga, kada kuma ka tura wa kanka ta manhajar hira ka manta. Hoton ba ya maye gurbin takardun tsibi na farko, don su ainihinsu ake nema.

Injin daddatsa takarda

In takardu na yawan shigo maka, wannan ita ce hanya mafi sauƙi, amma injin suna suka tara. Akwai mai yanka takarda dogayen zirin kamar igiya, akwai mai yanka ta tsaye da kwance ta fito guntu-guntu, akwai mai niƙe ta ƙanana sosai.

Mai dogayen zirin ba abin dogaro ba ne, kuma tarihi ya nuna haka. Lokacin da aka mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran a watan Nuwamban 1979, ma'aikatan sun daddatsa takardu da irin wannan injin, amma aka zauna aka jera zirin ɗaya bayan ɗaya, aka haɗa su, aka buga su littattafai. A 2012 kuma, a wani faretin biki a New York, mutane suka lura cewa yankakkun takardun da ake watsawa sama don ado suna ɗauke da sunaye da lambobin shaida na 'yan sanda. An saka takardun a injin ne ta yadda yankan ya bi layin rubutu, sai kowane ziri ya fito da layi guda cikakke. In irin wannan injin kaɗai gare ka, ka tabbata wuƙaƙen suna ratsa layukan rubutu, ba bin su suke yi ba, sannan ka ƙara da jiƙawa.

Yagawa da hannu ma haka take. Jami'an leƙen asirin Jamus ta Gabas sun yayyaga takardu da hannu a ƙarshen 1989 bayan injinansu sun gaza, suka bar buhuna kimanin 16,000. Tun 1995 ake haɗa su, kuma an dawo da shafuka sama da miliyan ɗaya da rabi. Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne guntayen takarda ɗaya sukan kasance kusa da juna a buhu ɗaya. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Idan za ka sayi inji, duba jikin kwalin za ka ga harafin P da lamba, daga P-1 zuwa P-7. Ma'auni ne da ya samo asali daga Jamus, DIN 66399, kuma yawancin masu ƙera injin suna bin sa. P-1 da P-2 masu ziri ne: P-2 zai raba takardar A4 zuwa ziri kusan 35. P-4 yana mayar da ita guntaye kusan 400, P-5 kuma kusan 2,000. Don amfanin gida P-4 ya wadatar, P-5 ya fi kwanciyar hankali. P-6 da P-7 na sirrin gwamnati ne, ba ka buƙatarsu. Kada kuma tsoro ya yi yawa: a 2011 hukumar binciken tsaro ta Amurka, DARPA, ta sa gasar haɗa takardu biyar da aka daddatsa, dubban ƙungiyoyi suka shiga, kuma sai da aka shafe sama da wata guda kafin ƙungiya ɗaya ta kammala da taimakon kwamfuta. Ɓarawon bola ba shi da wannan haƙurin, zai wuce zuwa kwandon da aka jefa takarda lafiyayya.

Wajen aiki da shi, cire kilif da manyan filoli, kada ka cusa fiye da adadin takardun da aka rubuta a bakinsa. Ƙananan injinan gida suna aiki 'yan mintuna ne su ɗauki zafi su tsaya, sai sun huce. Ba lalacewa suka yi ba, ka ba su lokaci. Takarda mai gam tana manne wa wuƙaƙe, leda ma haka. Ka riƙa sa masa man da aka yi dominsa, amma kada ka fesa masa komai daga gwangwanin feshi, don iskar da ke ciki na kamawa da wuta idan ta haɗu da tartsatsin da ke cikin injin. Tattare hannun riga, gyale, dogon gashi da duk abin da ke lilo. Da ka gama ka zare shi daga soket. Yatsan ƙaramin yaro na shiga ramin da na babba ba zai shiga ba.

Jiƙawa: hanyar da na fi so ga wanda ba shi da inji

Ba ta buƙatar wuta, ba ta hayaƙi, kuma in an yi ta daidai babu abin da za a haɗa, don takardar ta koma asalinta. Abin da ake buƙata: bokiti ko baho, ruwa, sanda, safar hannu, da tsohon buhu ko raga.

Yayyaga takardun tukuna, ko da gida huɗu ne, ka ware su. In ka jefa su a dunƙule, na waje za su jiƙe, na tsakiya su manne su zauna garau kamar littafi. Zuba su har rabin bokiti, ka cika da ruwa ya rufe su. Ruwan ɗumi ya fi saurin ci, ɗan garin sabulu kuma yana taimaka wa ruwan ya ratsa. Rufe bokitin, ka ajiye shi inda yaro mai rarrafe ba zai kai ba, don bokitin ruwa a buɗe haɗari ne gare shi. Bar shi kwana ɗaya ko biyu, kana juyawa da sanda safe da yamma.

Rana ta biyu ka sa safar hannu ka shiga murzawa. Za ka ji takardar tana narkewa tsakanin yatsunka, ruwan ya koma toka-toka. Nan ne ake gane ko aikin ya yi: ɗebo dunƙule ɗaya ka buɗe tsakiyarsa. In ka ga harafi uku a jere, da saura. Tawadar firintoci da yawa na zamani ba ta wankewa da ruwa, tana nan daram a kan guntun takarda, don haka abin da ke kashe rubutun shi ne dagargajewar takardar kanta, ba jiƙewa kawai ba. Ci gaba da murza har ta zama kamar taɓo. Sai ka juye a buhu, ka matse ruwan, ka dunƙula ta ƙwallo-ƙwallo, ka shanya. In ta bushe ta zama tauri, ka jefa a shara. Kada ka zuba dagwalon a masai ko magudanar ruwa, zai toshe.

Wasu suna ƙara bilic don ya kashe tawada. Yana yi wa tawadar biro aiki, amma ba dole ba ne. In za ka sa, kaɗan ya isa, a wuri mai iska, kuma kada ka kuskura ka haɗa shi da wani sinadarin wanke-wanke, musamman mai amoniya ko mai tsami, don haɗin yana fitar da iska mai guba. Takarda mai sheƙi da wadda aka lulluɓe da leda ba sa jin ruwa. Su almakashi ne maganinsu.

Ƙonawa

Ita mutane suka fi tunawa da farko, kuma ita aka fi yi ba daidai ba. Tarin takarda ba ya cin wuta yadda ake zato. Gefe ya ƙone, tsakiya ya rage fari tas saboda iska ba ta shiga. Takardar da ta ƙone ma, in ba a farfasa ta ba, sau da yawa ana iya karanta rubutun a jikin baƙin, yana ɗan ƙyalli. Iska kuma tana ɗaukar guntun da ya ci rabi ta kai shi gidan maƙwabci, ko da rubutunsa ko da wutarsa.

Kafin komai ka tabbatar an yarda da kunna wuta a inda kake zaune, don garuruwa da yawa sun hana. In an yarda, yi a waje, nesa da gini da busasshiyar ciyawa da wayar wuta, a ranar da babu iska. Samu gangar ƙarfe mai huji a ƙasa don iska ta shiga, da ragar waya ta rufe bakinta. Bokitin ruwa ya kasance kusa da ƙafarka kafin ka ƙyasta ashana. Kunna wutar da 'yan itatuwa, sannan ka riƙa cukuikuye takardun kana jefawa kaɗan-kaɗan. Kada ka zuba fetur. Tururinsa ke kamawa tun kafin ashana ta kai, kuma mai zubawa shi ke ƙonewa. Kada ka ƙona a ɗaki ko gareji ko da taga a buɗe, hayaƙin na ɗauke da iskar da ke kisa ba a ji warinta ba. Leda, katin roba da takarda mai sheƙi ba sa shiga wuta, hayaƙinsu guba ne.

Bayan wutar ta mutu, tona tokar da sanda har ƙasa, duk farin da ka gani ka mayar. Farfasa ta ta zama gari, ka zuba ruwa, ka bar ta ta kwana kafin ka kwashe.

In takardun kaɗan ne, ko kuma sun yi yawa

Takarda uku ko huɗu ba sai an ɗora bokiti ba. Yanke wurin da suna da lamba suke da almakashi, ka daddatsa shi ƙanana, sauran takardar ta tafi shara. Ka duba baya da ƙasan shafi, don lambar asusu takan maimaitu da ƙananan haruffa. Shafe rubutu da baƙar maka kuwa yaudarar kai ce: karkata takardar a gaban fitila ka ga yadda rubutun firinta ke fitowa ta ƙarƙashin tawadar.

In kuma kwalaye ne cike, kamar na wanda ya rufe sana'a ko zai tashi daga gida, akwai kamfanonin da aikinsu ke nan. Zaɓi wanda zai daddatsa a gabanka, ko wanda zai zuba a akwati mai kulle ya ba ka takardar shaidar lalatawa. Wanda zai ce ka ajiye a nan za a yi daga baya, ɗauki kayanka ka tafi. Kai takardun gida wurin aiki ma sai da izini, kuma kada ka bar su a kwandon da ke jiran wani ya zo ya daddatsa.

Abubuwan da ba takarda ba amma suna cikin kwalin

Tsohon katin banki: yanka ta tsakiyar ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinariya, ka ratsa baƙin layin baya, ka raba dogayen lambobin gaba gida-gida, ka kuma yanke lambobi ukun da ke baya daban. Kada ka ɗauka katin da ya ƙare ba shi da amfani, don sau da yawa sabon yana zuwa da lamba iri ɗaya, kwanan wata da lambobin baya kaɗai suka canza. Tsohon layin waya a karya shi ta kan ƙarfen. Faifan CD a kankare fuskarsa sannan a karya shi cikin tsumma don kada ɓarɓashi ya shiga ido.

Rasit mai santsi na injin biyan kuɗi, da yawancin takardun da ake mannawa a kwalin aike, zafi ne ke rubuta su, ba tawada ba. Shi ya sa in ka kusantar da su ga zafi suke baƙi gaba ɗaya. Amma kada ka dogara da dusashewarsu, don rubutun da ya ɓace da kansa ana iya farfaɗo da shi. Yanka su ƙanana ka sa a shara. Ba sa shiga taki ko kayan sake sarrafawa saboda sinadarin da aka shafa musu. Lakabin kwalbar magani kuma jiƙa kwalbar a ruwan ɗumi zai ɓare, sai ka murje shi.

In za ka sayar ko ka kyautar da firinta ko injin fotokofi, mayar da shi yadda ya fito daga kamfani, ka ɗaga murfin ka duba gilashin. Ba sau ɗaya ba an bar katin shaida a kwance a wurin.

Ina ragowar za ta?

Mu koma kan buhunan Jamus. Abin da ya taimaki masu haɗawa shi ne guntayen sun zauna tare. Kai sai ka yi akasin haka. Cakuɗa abin da injin ya fitar da hannu, ka haɗa da yankakkun takardun da ba na sirri ba don su yi yawa. Raba shi leda biyu ko uku, ka fitar a ranaku daban-daban. Guntayen kati musamman kada su tafi rana ɗaya. Zuba su cikin jiƙaƙƙiyar shara mai ƙazanta, wadda ba wanda zai so ya sa hannu. Fitar da sharar dab da lokacin kwashewa, kada ta kwana a waje.

Farar takarda marar sheƙi da aka daddatsa tana shiga taki ta ruɓe. Masu sake sarrafa takarda kuwa da yawa ba sa karɓar ta a warwatse, don tana tashi tana shiga injinansu, sai an ɗaure ta a jakar takarda. Tambayi masu kwashe taku. Abin da ba zan ba da shawara ba shi ne amfani da ita wajen cika kwalin da za a aika wa wani, don ka tattara sirrinka ne ka kai masa har gida.

Takardun wanda ya rasu

A nan a bi a hankali. Kada a lalata komai sai an gama rabon gado, an biya basussuka, an rufe asusu, an kammala maganar fansho da inshora. Ƙaramin rasit ko rubutun hannu a bayan ambulan yana iya zama shaida kaɗai ta bashin da yake bi ko ake bin sa. Mutum ɗaya kada ya yanke hukunci shi kaɗai, a zauna da sauran magada. Bayan an gama, katunansa da fotokofin shaidarsa a lalata su da kulawar da ta fi ta mai rai, saboda masu damfara na son sunan mamaci: ba zai ga saƙon banki ba, ba zai kai ƙara ba. Wasiƙu da hotuna da littafin rubutunsa kuwa a tambayi 'ya'ya da jikoki kafin a taɓa.

Don kada kwalin ya sake cika

Na ajiye ƙaramin kwali mai murfi a saman kabad, almakashi na ciki. Duk takardar da ta shigo, a tsaye nake duba ta: ta ajiya ta shiga fayil, ta banza ta shiga shara, mai suna da lamba ta shiga kwalin. Ƙarshen wata nake juye shi a bokiti, aikin minti goma ranar farko da minti goma rana ta biyu. Fotokofin katin shaida kuma yanzu iya adadin da aka nema nake yi, in rubuta kwanan wata da dalilin bayarwa a kan hoton ta yadda rubutun ya ratsa shi, wanda ya lalace a injin kuma in karɓe shi in sa a aljihu kafin in bar wurin.